Na'a-na'ar Gwaggo Bokiti

Gwaggo Bokiti ba ta taɓa mallakar ƙasa ko cikin tafin hannu ba. A gidan haya aka haife ta, a gidan haya ta yi aure, wanda suke ciki yanzu kuwa mai shi ya malale tsakar gidan da siminti tun daga ƙofa har bakin kwata, sai ka ce ƙasa ta taɓa zagin uwarsa. Ita kuma Allah ya ɗora mata son shuka.

Tela ce, kayan 'yan makaranta take ɗinkawa. Da ta ɗaga ƙafa daga kan keke, sai wajen shukokinta. Duk abin da ya fashe a layin, gidanta yake ƙarewa: bokitin da ya tsage, gwangwanin fenti, bahon da ta yi wa 'ya'yanta wanka suna jarirai, tsohuwar tayar motar da maigidanta ya yi shekaru yana tuƙawa. Ta huda gindi, ta zuba ƙasa da taki, ta dasa. Daga nan sunan ya samo asali, har jikokinta ba su san tana da wani ba.

"Wata rana zan yi barci in farka da tumatir a kunnena," in ji maigidan, ranar da ya tarar da barkono a cikin takalmin ruwansa.

"Ƙafa ɗaya ce ta ɓule," ta ce. "Ɗayar tana nan, ka riƙa ɗingishi."

Unguwar tana da ƙungiyar masu lambun gida. Kowace Asabar sukan taru a gidan mutum ɗaya, a zaga, a yaba, a yi musayar iri da reshe, a sha shayi. Da ƙyar suka karɓi Gwaggo. Shugabar ƙungiyar, wata hajiya mai ciyawar ado da ake aske wa kai da almakashi, cewa ta yi wai tarin bokitai ba lambu ba ne. Ji wata magana! Shukar ce ta san a ina take zaune? Mai Kemis na bakin titi, wanda ya fi kowa daɗewa a ƙungiyar, shi ya sa baki aka bar ta ta shiga. Tun daga ranar, Asabar ta zame mata abin da take jira duk mako. Tun Juma'a take goge mayafi.

Cikin duk shukokinta ta fi ji da na'a-na'ar da ke bahon wanka. Koriya shar, ƙamshinta har zaure. Amma tausayinta take ji. Duk sanda ta ga saiwar tana zagaya baho tana neman hanyar fita, sai ta tsuguna ta ce, "Yi haƙuri, 'yar nan, ni da ke duk haya muke."

Ranar da zagaye ya zo gidanta, ta jefa ganyen a shayi. Suka sha, suka nemi ƙari, har da Shugaba mai yatsina. Daɗi ya kama Gwaggo, ta bi kowa da ɗan reshe a leda.

"Don Allah kada ku sa ta a gwangwani," ta riƙa cewa. "Ku da Allah ya ba fili, ku sake ta a ƙasa ta miƙe ƙafa."

Suka kuwa sake ta. Shugaba ta dasa a gindin furannin wardinta. Mai Kemis ya sa a gefen fangalin latas. Gwaggo ba ta san halin na'a-na'a a ƙasa ba. A ina za ta sani, ita da ba ta taɓa ganin ta a wajen baho ba? To su masu filin, da suke ta iyayi da sunayen furanni, me ya hana ko mutum ɗaya ya sani?

Da ruwan sama ya sauka, na'a-na'a ta miƙe ƙafa, ta miƙe hannu. Ta bi ta ƙarƙashin ƙasa ta ɓullo a tsakiyar ciyawar Shugaba. Ta shaƙe latas ɗin Mai Kemis. Ta kutsa ta gindin katanga ta shiga gidajen da ko reshe ba a ba su ba. A cire da safe, bayan kwana kaɗan ta leƙo tana murmushi. Wanda ya sassare ta da fartanya ma ƙara mata yawa ya yi, don kowane guntun saiwa sabuwar shuka ya zama.

Sai aka kira taro na musamman a gidan Shugaba, magana ɗaya tak: a cire Gwaggo Bokiti daga ƙungiya. Mutanen da suka shanye mata shayi har da lashe baki!

Gwaggo ta kasa karyawa ranar. Ta zauna gaban keke, ta ɗinka hannun riga a ƙugun wando ba ta lura ba.

"Ki ƙyale su mana," in ji maigidan. "Kafin ƙungiya ba kya numfashi ne?"

"Baban yara, kai ba za ka gane ba. In sun cire ni, wa zan nuna wa in abu ya yi fure? Kai?"

"Ai ina kallo."

"Kana kallon abin da za ka tsinka dai."

Ta yafa mayafi ta tafi. Ta tarar an jera kujeru a kan ciyawa, ƙamshin na'a-na'a yana tashi duk inda aka taka.

"Gwaggo, dubi aikinki," in ji Shugaba, tana nuni da almakashi. "Ciyawar nan na fi kula da ita a kan gashin kaina."

"Hajiya, laifina ne, ban musa ba. Wallahi alheri na nufa."

"Alherin ne ya cinye mini latas," in ji Mai Kemis. "Yanzu har akuyar maƙwabcina ƙamshin man goge baki take yi."

Aka kwashe da dariya, ban da Shugaba. Ta ce masu son a cire Gwaggo su ɗaga hannu.

Gwaggo ba ta ji ba ma. Idonta yana kan wani reshe da ya ɓullo kusa da ƙafarta. Ta tsuguna ta tura yatsu a gindinsa, ƙasar ta buɗe mata, laushi, sanyi, ba gindin bokiti da zai tare ta. Ta kama saiwar ta bi ta a hankali, kamar yadda take warware ɗinkin da ya karkace, ba fizga. Saiwa tana fitowa fara sol, tana ta tsawo, ita tana binta da rarrafe, ta ƙarƙashin kujerar Mai Kemis, har gindin wardi. Ta miƙe da ita a hannu, ba ta tsinke ko sau ɗaya ba, zanenta duk laka.

Hannuwan da suka fara tashi suka koma cinya.

"Hajiya, in muka kore ta," in ji Mai Kemis, "wa zai yi mana wannan? Ni dai gwiwata ta gama aiki."

Shugaba ta dubi ciyawarta, ta ga ko tabo ba a bar mata ba. Ta gyara murya ta ce to an sassauta, amma da hukunci: Gwaggo za ta bi gida-gida tana tone na'a-na'ar, kuma zamanta a ƙungiya yana nan muddin aikin bai ƙare ba. In ya ƙare, a sake zama.

Hukunci wai! A ɗora wa mace mai jikoki rarrafe a gidajen mutane, kuma a kira shi sassauci. Amma je ka ga fuskar Gwaggo a hanyar gida.

Yanzu kullum da yamma, in ta rufe keke, takan ɗauki bokiti da 'yar fartanya ta shiga duk gidan da ta ga dama. Ba mai tambayar ta. Tana tono, tana gyara wa wannan fangali, tana ɗaure wa wancan tumatir. Wardin Shugaba ma ita ke yi masa aski, tana kiransa "namu".

Rannan ta dawo hannu duk ƙasa, maigidan ya dube ta daga kan tabarma.

"Wai yaushe aikin nan zai ƙare ne, uwar lambu?"

"Ina ƙoƙari," ta ce.

"Jiya na ga kin mayar da wani ɗan guntu a bayan katangar Mai Kemis, kin rufe da ƙafa."

Gwaggo ta ɗora tukunyar shayi, ta tsinko ganye daga baho.

"Idonka ya fara lalacewa, Baban yara. Miƙo kofinka."