Garwashin Tsohon Gari

Wata safiyar Asabar ce a tsakiyar marka, shekarar da nake aji huɗu a firamare, na fito daga ɗaki ina mutsittsike ido, na tarar da kakata Iya tsugune gaban murhu, hannunta dumu-dumu cikin toka. Ruwan da aka kwana ana yi ya yaye jinkar madafi ya jefar gefe, tsakar gidanmu ta zama tafki, takalman roba da murafen kwanuka suna yawo a kai. Iya ko kallonsu ba ta yi ba. Tana ta tonon jiƙaƙƙiyar toka, tana ɗaukar gawayi ɗaya bayan ɗaya tana kaiwa kusa da kumatunta ko za ta ji ɗumi. Gungumen kiryar da take turawa cikin murhu kullum ta binne da toka ya jiƙe sharkaf. Na durƙusa na gaishe ta, ta ci gaba da tono. Can ta ɗago ta ce, "Uwani, ta mutu." A gidanmu ba sai an faɗa maka wace ce ba.

Wutar Iya ce ta mutu, kuma wutar nan ta girme ni. Unguwarmu tana can gefen garin Tudun Wada, mutanen gari suna ce mata Unguwar 'Yan Ƙaura, saboda iyayenmu tasowa suka yi daga ƙauyensu lokacin da aka datse ruwan Tiga, ruwa ya haura ya shanye gonaki da gidaje. Wasu sun zauna a bakin ruwan suna kamun kifi da noman rani, namu kuwa suka gangaro nan. Ni a nan aka haife ni, ban taɓa ganin ƙauyen ba, ko sunansa ma ba a cika faɗa ba, Tsohon Gari kawai ake cewa. Ranar tashi, in ji Innarmu, kowa yana ta ɗora gadaje da buhunan dawa a mota, Iya kuwa sai ga ta da tsohuwar tukunya a rungume, ta kwashi garwashin murhunta ta zuba a ciki, ta rufe da kandilo, wato busasshen kashin shanu, don ya riƙe wutar. Direba ya rantse ba za a hau masa mota da wuta ba. Iya ta ce to ya sauke ta ita ma, ruwan ya zo ya same su tare. Haka ta zauna a saman kaya da tukunya a cinya, hayaƙi yana bin ta a baya har suka iso. Tuwon farko da aka tuƙa a unguwar, a kowane gida, da wutar tukunyar nan aka tuƙa shi.

Mu da muka taso, mun tarar ɗiban wuta shi ne aikin farko na kowace yarinya. Gidajen duk dangar kara ce, kuma a kowace danga an bar kafa daidai wucewar mutum in ya sunkuya, yadda mata za su riƙa shiga gidajen juna ba sai sun fita waje ba. Da gari ya waye za ka ga yara suna ɓullowa ta kafar danga, kowace da ɗan kaskonta, tana cewa, "Salamu alaikum, an ce a sam mana wuta." Iya ta tone toka, jan garwashi ya bayyana, ta tsakura wa kowace tana tsokanarta. Wadda ta zo da kwantsa a ido Iya ta ce mata mijinta ya shiga uku, wadda ta makara ta ce mata ai ta ɗauka an kai ta ɗaki ne ba a gayyace mu ba. Daga gidanmu wuta ta shiga gidan maƙwabciyarmu Tabawa, daga nan ta wuce gidan mai unguwa, ta bi ta zaga har gidan ƙarshe da ke jingine da gonar masara. In wata rana ta yi rauni a wurinmu, sai a aike ni gidan Tabawa in dawo da ita, Iya ta ce ai 'yarta ce, gida ta dawo. Ta san gidajen da suka taɓa ƙyasta ashana, waɗannan ba ta karɓar wutarsu, ko da yake ba ta taɓa hana su tata ba.

Kai, kafofin nan sun sha wahalarmu! Ta cikinsu muke ɓuya, ta cikinsu ake miƙa gishiri da daddawa da labarin wadda ta haihu. Ina iya ratsa unguwar daga farko har ƙarshe ban taka titi ba, in fito da ƙanzo a hannu ɗaya, ɗanyar gyaɗa a ɗayan. In mun taso daga makaranta, mun share filin taro mun sha bulalar makara, sai mu zubar da jakunkuna mu yi 'yar gala-gala a bayan gidan mai unguwa har a kira mu surfe. Da kaka mu tafi kalar gyaɗa, da rani mu bi Baba fadama korar tsuntsaye. Amma abin da na fi so shi ne bayan la'asar, in zauna kusa da Iya ina iza mata wuta tana kaɗa miya, tana ba ni labarin Tsohon Gari. Kukar ƙofar gidansu, rijiyar da ruwanta ke da garɗi, inda kakanmu yake kwance, da inda mahaifiyarta take kwance, wadda aka sa mini sunanta, shi ya sa Iya ba ta faɗar sunana sai Uwani. Ina kallon garwashi ina ganin garin a ƙarƙashin ruwa, komai yana nan yadda aka bar shi, turmi a tsakar gida, kifaye suna shiga ta ƙofar zaure suna fita ta taga. Har yau in na rufe ido haka nake ganinsa.

Baba bai cika son zancen wutar nan ba. Yakan ce, "Iya, wuta ai wuta ce, kada mutane su ce camfi muke yi." Ita kuwa ta harare shi ta ce, "Ni na ce maka bauta mata nake? Tuwo nake dafawa da ita, kai kuma kake ci."

To, a safiyar nan Baba ya fito da kwalin ashana a hannu, ya tsaya a bayanta yana lallashi, ga yara suna jin yunwa, ga sanyi. Iya ba ta yi masa gardama ba, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro. Ta share hannunta a zane ta ce, "Ƙyasta, Audu. Gona ruwa ya ci, ɗakina ruwa ya ci, kabarin ubanka ruwa ya ci. Ita kaɗai ce ta tsira, ashe biyo ta ya yi." Ta tashi ta shige ɗaki ta saki asabari. Wallahi ban taɓa ganin tsufan Iya ba sai ranar. Baba ya tsaya da ashana a hannu, ya kasa ƙyastawa. Ni kuwa na suri kasko na sunkuya ta kafar danga.

Gidan Tabawa murhu ya cika da ruwa har kwaɗo ya samu wurin zama. Gidan mai unguwa na hango hayaƙi, na ruga da murna, matarsa ta ce, "Ayya Uwani, yanzu na kunna da ashana da kananzir." Na so in ɗiba in yi shiru, amma na san Iya za ta tambaya, kuma ni ban iya kallon idonta in yi ƙarya ba. Na bi gida gida, taɓo har gwiwa, ko'ina labarin ɗaya ne, ko matacciyar toka ko sabuwar wuta. Na isa gidan ƙarshe, na fita ta bayan danga, na tsaya a bakin gonar masara ina kuka, majina da hawaye. Daga nan ne na hangi wani siririn hayaƙi can tsallaken rafi, yana tashi a hankali ta saman bishiyoyin ɗorawa. Rugar su Hajjo ce, mai kawo mana nono. Sai na tuna, farkon damina da suka sauka a wurin, Hajjo ta ajiye ƙwaryarta a tsakar gidanmu ta roƙi wuta, Iya ta cika mata sakaina, har tana tsokanarta wai kada ta kai wa shanu su ƙona gemu.

Ban nemi izinin kowa ba. Rafin ya kawo, ruwan ya kai mini ƙugu, na ɗora kaskon a ka na ratsa ina karanta duk addu'ar da na iya. Na iske Hajjo tana tatsa, shanu sun kewaye wani ƙaton tudun toka a tsakiyar garke, suna tsaye cikin hayaƙi idanunsu a lumshe. Fulani ba sa barin wutar garke ta mutu da damina, ita ke kore wa shanu ƙuda da sauro, kullum ana ɗora mata kututture da kandilo, ruwa ya jiƙa samanta, cikinta yana nan da rai. Na gaishe ta ina haki, na ce, "Inna Hajjo, don Allah wutar nan ta Iya ce?" Ta dube ni, ta dubi zanena da ke ɗigar ruwa, ta yi dariya har ƙwaryar ta girgiza. Ta ce, "Yo ta wa za ta zama? Tun ranar da na ɗauko ta ba ta kwanta ba. Mu ina muka ga ashana?" Ta sa sanda ta buɗe tudun, sai ga cikinsa jawur. Ta zuba mini, ta ɗora kandilo, ta kifa sakaina a kai saboda yayyafi, ta ce kada in yi gudu, iska za ta cinye ta. Da kanta ta ɗaga kaskon sama ta tsallakar da ni rafin.

Tafiyar da na fi daɗewa ina yi a rayuwata ke nan, ga gida ina gani, ga ƙafa tana son gudu. Kaskon yana ƙona mini tafin hannu, ina sauya hannu ina hurawa a hankali. Na shiga ta kafar gidan ƙarshe, mata suka yi ta matsa mini hanya, yara suka biyo ni a baya. Na tarar Baba ya gyara jinka, ya kawo busasshen kara daga rumbu, ashanar tana aljihunsa. Na tsaya a ƙofar ɗakin Iya na yi sallama, sai bakina ya faɗi abin da ya saba ji, na ce, "An ce a kawo miki wuta." Ta ɗaga asabari. Ta tambaye ni daga ina, na faɗa mata. Ta daɗe tana kallon kaskon, sannan ta karɓa da hannu biyu, ta ce wa garwashin, "Ke kuma har ruga kika je yawo?" Ta tsuguna ta hura, kara ya kama, ta juya mana baya tana cewa hayaƙi ne ya shiga mata ido. Kafin azahar yara sun fara ɓullowa ta danga da kaskonsu, har da 'yar gidan mai unguwa, wai uwarta ta kashe ta ashanar.

Iya ta rasu ina da 'ya'ya biyu, Allah ya jiƙanta, kuma da wutarta aka ɗumama ruwan wankanta. Bayan ta, ba wanda zai ce ga ranar da wutar ta mutu. Gari ne ya taho ya haɗiye mu a hankali. Gonar masara ta zama shaguna da wurin cajin waya, aka ja wutar lantarki, wanda ya samu hali ya rushe danga ya ja katangar bulo, kuma mai ginin bulo ba ya barin kafa. Aka sayi risho, daga baya aka koma gas. Ni kaina da gas nake girki, kuma ba zan yi ƙarya ba, idona ya huta da hayaƙi. Sai dai kwanaki da na je gida, na so in gaida jikar Tabawa da ta haihu, katanga ɗaya ce tsakaninmu, amma sai da na sa hijabi na fita titi, na zaga, na buga get, wani yaro ya leƙo ya ce wa zan ce. Sunan unguwar ma ya sauya, yaran yanzu Sabon Layi suka sani. Abin ya tsaya mini a rai, na dawo na zauna inda murhun Iya yake a da, yanzu an shafe shi da siminti ana ajiye babur.

Na tambayi Innarmu labarin su Hajjo. Ta ce ai tun da gidaje suka ci mashekarinsu, inda suke sauka da shanu, suka ƙara gaba, can wajen Falgore, kuma a iya saninta in za su tashi da garwashinsu suke tashi. Ban je na bincika ba, kuma ba zan je ba, tsoro nake kada a ce mini sun koyi ashana. Amma duk lokacin da motarmu ta bi hanyar nan da sassafe, na hangi hayaƙi yana tashi siriri daga wata ruga a gefen daji, sai in matsa jikin taga in bi shi da kallo har ya ɓace. Jikata ta taɓa tambaya ta me nake kallo. Na ce mata wutar gidanmu ce, ta je yawo.