Shayin Apo da Kaskon Turarena

Ku matso kusa in ba ku wani labari, don ba na son ɗaga murya a kansa. Labarin yadda na kusa rasa uwar da Allah ya ba ni a ƙasar Sin ne, kuma ba faɗa ya jawo ba, ba tsegumi ba. Gwaninta ce ta ja mini.

A shekarar da aka mayar wa Sin da Hong Kong maigidana ya ɗauko ni daga Fagge ya kawo ni Guangzhou. Shi yana sayen takalma da yadi yana aikawa Kano, kullum yana tsakanin shagunan Huanshi Lu da masu awon kaya a Baiyun. Ni kuwa ina hawa na huɗu a wani gida a Sanyuanli, inda in jirgi zai sauka sai kofuna sun yi rawa a kan tire. Ban damu ba. Ni dama ba mai son yawo ba ce, a ba ni ɗaki da murhu da wanda zan yi wa surutu, an gama da ni. Boko aji huɗu na yi, amma kunne kam Allah ya ba ni. Kafin wata shida na iya cinikin kifi da bakinsu, in mai kifi ya tsawwala in ce masa “meyo”, wato babu, in juya, sai ya kira ni.

Mai gidan da muke haya tsohuwa ce, mijinta ya rasu, ’yarta tilo tana aure a Hong Kong. A hawan ƙasa take zaune. Kowa Apo yake ce mata, wato kaka, ita kuma tana ce mini Amui, kamar a ce ’yar ƙanwa. Duk abin da zan ce muku ta faɗa, rabi da baki ta faɗe shi rabi da hannu, ni na haɗa. In na yi dambu ko waina sai in sauke mata, kuma kwanon bai taɓa hawowa haka nan ba, ko lemo ne ko gyaɗa sai ta sako a ciki. Nan na gane tsohuwar ta san ya-kamata.

Apo tana da abin da take ji da shi kamar ɗan fari, shi ne shayinta. Ba irin na kwali da muka sani ba. Ganye ne ake matsewa ya zama kamar ƙaramin faifai, a naɗe kowanne a takarda, a haɗa bakwai a ɗaure su cikin ɓawon gora. Daga gona ɗaya tak take saye, wata gona a kan dutse can Yunnan, wadda ta ce itatuwanta sun tsufa har sai an hau su ake tsinkar ganyen. Mijinta ne ya fara, duk shekara ya sayi na wannan gonar ya ajiye, da ya rasu ta ci gaba. Sabonsa ɗaci ne da shi kamar maɗaci, ruwansa fatsi-fatsi. In ya shekara da yawa a ajiye sai ya yi ja kamar zoɓo, ya yi laushi a maƙogwaro, ka haɗiye ka ji zaƙi yana biyo baya ba tare da sukari ba.

Ta ce mijin ’yarta shi jar giya yake tarawa, ta wata gona guda a Faransa. Yana sayen kwalabe ya kwantar da su a ɗaki mai sanyi da duhu, wai sai sun shekara goma za a buɗe. Na ce, “A’uzubillahi, Apo, mu dai bar mu a kan shayin.” Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ai jirgi ɗaya ya kwaso su, mai giyar da mai shayin: su sayi abu da tsada sannan su hana kansu sha.

Sau ɗaya ta ja ni kasuwar shayi ta Fangcun, tsallaken kogi. Shago ɗaya take zuwa. Ba a tsaye ake ciniki ba, zama ake yi, lawban, wato mai shago, ya dafa a gabanku, ya zubar da ruwan farko, ya ba ku na biyu a kofi kamar murfin kwalba. Ranar sai ya so ya gwada ta, ya dafa na wata gonar bai faɗa ba. Apo ta kurɓa, ta shinshina kofin bayan ya zama fanko, ta ture shi gabansa.

“Wannan ka kai wa masu otal. Ɗauko mini na dutsenmu.”

Ya ce, “Apo, tsufa bai taɓa hancin nan ba har yanzu?”

“Tsufa ya taɓa, ƙaryarka ce ba ta girma ba.”

Ya shiga ciki yana dariya ya fito da na gaskiyar. Ni ma da na shinshina na ji bambancin, don hancin da ya tashi a ɗakin kakata Babarbariya ba a yi masa wayo. Apo ta sayi ɗauri biyu, ta rubuta shekarar a jikin gorar. Ni na sayi faifai ɗaya, na zo gida na dafa shi da citta da kanumfari da sukari. Da ta ji abin da na yi sai ta kama baki, ta ce Allah ya shirye ni, ko dai abin da ya yi kama da haka a bakinsu.

To akwai wani lokaci a garin nan, bayan sanyi ya wuce, da bango yake zufa. Ba ruwan sama ba ne, iskar ce take jiƙe. Madubi ya yi hawaye, daɓe ya zama kamar an watsa masa ruwa, wanki ya kwana uku bai bushe ba, takalmi ya yi funfuna a cikin kwalinsa. Hawan ƙasa ya fi shan wahala. Da mijinta yana nan, ɗakin sama suke kai shayin, yanzu kuwa ɗakin saman mu ne a ciki. Sai ga Apo wata safiya ta hawo tana haki, ta ce in ara mata ƙaramin ɗakin da muke ajiye akwatuna, har bango ya bushe.

Na ce, “Apo, gidanki ne, wane irin aro kuma?”

Muka yi ta jigila ni da ita har kwali shida. Ta ɗora su a kan benci, ba su taɓa ƙasa ba, ba su jingina da bango ba. Ta lissafa mini da yatsu: kada rana ta taɓa, kada taga ta kwana a buɗe, kada kifi ko albasa ko sabulu ko man girki su matso. Sannan ta nuna mini wani ɗauri da ta ajiye can sama shi kaɗai, gorarsa ta kwance, saura faifai huɗu a ciki. Shi ne na ƙarshe da mijinta ya sayo da hannunsa. Duk shekara, ranar da suke zuwa share kaburbura, takan ɓanɓari kaɗan ta dafa ta kai wa kabarinsa, ta sha sauran a wurin. Na ce ta kwantar da hankalinta, amana ce, kuma ni ’yar gidan riƙon amana ce.

Duk abin da ta lissafa na kiyaye. Sabulun wanki ma na fitar da shi baranda. Amma bayan sati biyu na buɗe ɗakin sai na ji wani bashi-bashi, irin na rumbun da aka daɗe ba a buɗe ba. Daga baya ne na san haka tsohon shayi yake, ƙamshinsa ke nan. A lokacin kuwa sai na ce, kayan mutane za su lalace a hannuna ina kallo? A gidanmu duk abin da ake girmamawa turara shi ake yi. Kayan amarya a turara, ɗakin baƙo a turara, randar ruwan sha ma kakata kifa ta take yi a kan hayaƙin kajiji, ruwan ya kwana yana ƙamshi. To abin sha mai daraja irin wannan fa?

Na samo gawayi wurin Musulmin Sin masu gasa tsire a bakin layi, na hura kaskona, na zuba turaren wutar da na zo da shi daga gida, haɗin kakata, wanda ko ni sai ranar Juma’a nake taɓawa. Ban yi rowa ba. Na sa kaskon a ƙarƙashin bencin, na ja ƙofa, na toshe ƙasanta da tsumma. Kwana uku a jere na yi haka, ina jin daɗi a raina, ina cewa Apo za ta ga yadda Hausawa suke riƙe kayan mutane.

Maigidana ne ya fara ankara. Ya dawo da la’asar, ya ga hayaƙi yana tsiyayowa ta gefen tsumman, ya ce, “Uwargida, me ake turarawa a ɗakin akwati, amarya kika yi mini?”

“Kai dai ka cika son banza. Shayin Apo ne.”

Ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. “Shayi? Ke, ganyen shayi ai kamar soso yake. A kwantena ma ba a haɗa shi da sabulu, abin da ya shaƙa ya shaƙa ke nan.”

Na ɓanɓari ɗan kaɗan daga gefen na marigayin na dafa. Launin yana nan, ja mai kyau. Na kurɓa. Wallahi kamar na tauna zanen amarya. Na cikin kwali, da yake a ɗaure suke cikin gora, sama-sama suka ɗauka. Na mijinta kuwa, da babu abin da ya raba shi da hayaƙin sai takarda, ya sha har ciki. Saura kwana huɗu ranar kaburburan.

Maigidana ya ce in buɗe ɗakin ya sha iska, in yi shiru, wataƙila tsohuwa ba za ta ji ba. Na ce, “Alhaji, matar da ta kama lawban da fankon kofi?” Ko da ma ba za ta ji ba, ban yarda ta je gaban kabarin mijinta sannan ta tarar ba. Washegari da hantsi na ɗauki faifan na sauka, na durƙusa kamar yadda zan durƙusa wa mahaifiyata, na faɗa mata komai.

Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta kai faifan hancinta, ta daɗe a haka. Ta ce, “Me ya sa?”

Na ce, “Don in girmama shi.”

Ta dube ni, ta dubi takardar da rubutun mijinta yake jiki, ta ce, “Shekara goma sha ɗaya.” Shi ke nan abin da ta faɗa, wato shekarun da shayin ya yi a ajiye. A ranar ta kwashe kwalayenta duka ta mayar ƙasa, cikin zufar bangon, kuma ba ta bari na ɗauki ko ɗaya ba. Ranar kaburbura na hango ta ta taga ta fita da ’yar jakarta. Ban san wanne ta dafa masa ba, ban kuma taɓa tambaya ba.

Daga nan gaisuwa ta koma ɗaga kai. Ni dai ban fasa ba, don wanda ya yi ɓarna ba shi da ikon yin fushi. Duk Juma’a in sauke mata abinci, kwanon ya hawo a wanke tas, babu komai a ciki. Maigidana ya ce in haƙura mana, tsohuwa ta rufe littafina. Na ce ai tana cinye abincin, ranar da ya dawo da abincinsa a ciki sai mu yi wannan maganar. Haka muka ci zafi, muka ci sanyi.

Da shekara ta zagayo, ranar da madubina ya fara hawaye, sai na ji takun da na sani a matakala, ana hawa ana hutawa. Na buɗe ƙofa. Apo ce, rungume da kwali. Ba ta gaishe ni ba, ta tsaya a bakin ƙofa tana shinshina iskar falona. Ta ajiye kwalin, ta nuna kaskona da ke kan kabad, ta miƙo hannu.

Na ce, “Apo, na yi alkawari, ko kusa da ɗakin ba zan kai shi ba.”

“Amui, hayaƙi bai san alkawari ba. Kawo.”

“Har yaushe?”

“Har bango ya bushe.”

Wata biyu ke nan ko fiye, mace da aurenta, gida ba turare, a lokacin da komai yake warin danshi. Na shiga ɗaki na haɗo mata har da kwalbar turaren da ragowar gawayin, na zuba a leda na miƙa mata. Ta rataya a hannu, ta ce in daina tsayuwa kamar gunki, akwai sauran kwali biyar a ƙasa, kuma ita gwiwarta ta gaji. Maigidana ya yi ta tsiya wai gidansa ya koma ɗakin gwauro, in abokansa ’yan Kano za su zo sai ya tare su a waje. Na ce ya yi ta yi, hancinsa ba zai faɗi ba.

Ni dai na ba da kaskona, kuma ko yau aka sake haka zan yi. Ku fa, tsakaninku da Allah, da ku ne a bakin ƙofar nan tsohuwa ta miƙo hannu, za ku ba ta?