Jan Biron Maki

Shekarar da aka mayar da ni makarantar Baure na gaji da motar haya daga Daura kullum, na ɗauki adashina na ce mota zan saya. Yayana ya ce in jira ya dawo daga tafiya, wai mace ita kaɗai a gaban dillalan mota, ɗanya za su cinye ta. Wannan maganar ce ta hana ni jira.

Motar tokumbo ce, ruwan toka. Dillalin, wani mai zaƙin baki, ya dafa ta ya rantse ba a taɓa sauke injinta ba. Ni kuwa koyarwa ta bar mini wata ɗabi'a: duk abin da aka faɗa mini, sai na ce a rubuta. Na yago takarda daga littafin shirya darasi, na rubuta rantsuwarsa da jan biron da nake maki da shi, na ce ya sa hannu, shi da mutum biyun da ke zaune a bencinsa.

"Malama, jarrabawa za ki yi mana?" in ji shi. Suka yi ta dariya, suka dai sa hannun.

A kwana na uku, a hanyar Baure, motar ta hau tafasa kamar tukunyar tuwo. Bakaniken da aka kai wa ya nuna mini da yatsa: an sauke injin, ya tsage, an liƙe shi da gam. Raina ya ɓaci matuƙa. Maƙwabta sun riga sun taya ni murna, Inna ta tofa wa motar addu'a, ga yayana yana hanyar dawowa da "ai na faɗa miki" a bakinsa.

Na koma wurin dillalin. Ko tashi bai yi ba.

"Ai an ce Allah ya sa albarka, Malama. Ciniki ya faɗa."

Ban taɓa taka kotu ba, amma na je. Alƙali ya karanta takardar, ya kira mutum biyun nan ya tambaye su ko hannunsu ne. Suka ce nasu ne, babu mai dariya a cikinsu. Alƙali ya ce a shari'a, wanda aka ɓoye wa aibin kaya yana da damar mayarwa a ba shi abinsa. Dillalin ya karɓi motarsa, na karɓi adashina cif. Wallahi da na fito ji na yi na ƙara tsawo.

Yayana ya ji labarin a bakin Inna. Sai bayan damina ya yi sallama a ƙofar ɗakina, yana gyara hula.

"Gobe zan je duba wata mota," ya ce. "Ki shirya ki raka ni. Ki taho da biron nan."