Kwalaben da Rubutunsu Ya Goge

Mai yiwuwa na cuɗa wasu abubuwa, don an ɗan jima, amma ina ganin haka aka yi.

A shekarata ta ƙarshe a jami'a aka ba ni aikin gano nau'o'in ƙwarin ruwa masu taurin baya, dangin buzuzu, a fadamun Shanga, da inda kowanne yake zama. Na shafe hutun damina ina tsamo su da rariyar Inna. Kowane kamu sai in zuba a kwalbar sifirit don kada su ruɓe, in rubuta wurin a 'yar takarda, in jefa ciki. Da biro na rubuta. Ina jin an ce mana mu rubuta da fensir, ban dai riƙe ba.

Saura mako biyu in koma makaranta na buɗe kwalin da na jera kwalaben a ciki. Sifirit ya cinye tawada, takardun sun yi fari fat. Ƙwarin na nan, amma ban san inda kowanne ya fito ba. In babu wannan babu aikin, sai in maimaita shekara.

Kawu, yayan Inna, masunci ne. Ya same ni zaune gaban kwalaben.

"Malam na jami'a, mi yaf faru? Dabbobinka sun mutu?"

"Kawu, dama matattu ne. Wurarensu ne suka ɓace mini."

Ya riƙa ɗaga kwalaben ɗaya bayan ɗaya yana dubawa a rana. "Wanga babba mai santsi, ƙarƙashin bado shika zama, tafkin bayan gari. 'Yan ƙananan ga masu zagaye bisa ruwa kamar sun sha wani abu, bakin gulbi na, inda ruwa ka tafiya sannu. Wanga kau gonar shinkafa. Shekara huɗu kana boko ba a gwada maka ba?"

Ba zan iya rubuta "in ji Kawu" a aikin ba, kuma na ji tsoron ko ya yi kuskure. Sai muka bi wuraren a kwalekwalensa, ina tsamowa yana tsokanata. Kusan duk inda ya ce, nan muka same su. Abin da na sake kamowa shi na rubuta, aka kuma karɓa.

Kwalba ɗaya ce ta gagara, wani ɗan ja-ja mai ɗigo a baya. Kawu ya ce cikin ciyawar burugu yake, amma ba mu gan shi ba. Wanda ya san ƙwaron nan a ruwan Yauri ko Ngaski, ko ya ga na kauce a wani wuri, don Allah ya aiko mini da gyara.