Layi na Biyar

Cikin shekarun da na yi ina gyaran filin wasa a Talata Mafara, akwai ranar da ba ta taɓa fita raina ba, ranar da aka yi tseren mita ɗari huɗu sau biyu saboda ni. Ina rubuta wannan ne domin ku da kuka kama aiki bayana.

Ni lebura ne na wucin gadi a lokacin. Aikina sharar fili, cire ƙaya, da zana layuka da farar ƙasa. Ga wanda bai sani ba, a tseren zagaye ba a jera 'yan gudu kafaɗa da kafaɗa. Na layin waje zagayensa ya fi faɗi, don haka ana matsar da wurin tashinsa gaba, kowane layi da awonsa. Ni ban san lamba ba. Igiya ce da ni mai ƙulli-ƙulli, wadda na gada wurin tsohon da na karɓi aikin a hannunsa, kuma ƙullinta na layi huɗu ne kawai.

Shekarar nan, bayan girbin gero, aka ce matasan Mafara da Bakura da Maradun za su kara a filinmu, wanda ya ci kowane tsere shi zai wakilci shiyya a Gusau. Aka ƙara layuka suka zama shida. Mai horar da 'yan wasanmu, Koci Bitrus, Kirista ne mutumin Zuru, ya daɗe yana koyarwa a garin. Ya miƙo mini tef ɗin awo da wata takarda ya ce, "Malam Isa, ga awon sababbin layukan nan."

Na ce, "To, Koci."

Shekarata arba'in da 'yan kai, ina da iyali, na ji nauyin in ce ban iya karatu ba. Na ninke takardar na sa aljihu. Layi huɗu na auna da igiyata, na biyar da na shida na ƙiyasta da taku.

Koci Bitrus yana da wata ɗabi'a. Yawancin 'yan gudunmu ba takalmi suke gudu ba, ƙasa kuma da zafi. Duk wanda ya gama tsere, namu ko baƙo, Koci zai ɗauko bokiti ya durƙusa ya zuba masa ruwa a ƙafa. Na taɓa ce masa, "Koci, wanga aikina ne, kai babba ne." Ya yi dariya ya ce, "Yesu da nake bi ya wanke ƙafafun mabiyansa. Ni wane ne da bokiti zai yi mini nauyi?"

Ranar gasa, ɗan gudunmu Nura ya faɗa layi na biyar. Lawali na Bakura, wanda kowa ke tsoro, yana na biyu. Aka busa usur, Nura ya riga Lawali da kamar taku biyu. Fili ya ɗauki ihu, aka ɗaga Nura sama. Koci bai yi ihu ba. Na hango shi tsaye wurin tashi yana kallon ƙasa, sannan ya yafito ni.

"Malam Isa, tsakanin huɗu da biyar ya fi sauran faɗi. Da takardar ka auna?"

Na ce, "Koci, ban iya karanta ta ba."

Bai ɗaga murya ba. Ya karɓi tef, na riƙe masa baki ɗaya, muka auna. Ashe na matsar da wurin tashin layi na biyar gaba fiye da ƙa'ida da kusan mita uku. Wato Nura bai yi gudun da Lawali ya yi ba.

Mataimakin Koci, Malam Shehu, ya matso ya ce a hankali, "Wa ya gani? Ba kowa. Mu da munka yi shekara uku ba mu kai kowa Gusau ba! In ma dole sai an faɗa, ai ga wanda ya zana."

Koci ya ce, "Ni na gani, Malam Shehu. Allah ma ya gani. Jibi in shiga coci in ce masa me?"

Ya nufi rumfar manya, ni kuma na bi shi a tsorace, don na san lebura irina ba a yi masa takardar gargaɗi, kora ce kawai. Sakataren wasanni na shiyya ya saurara, ya cire tabarau ya ce, "Wa ya zana filin?"

A ƙa'ida, kocin masu masauki shi ke duba fili kafin gasa, ya sa hannu cewa komai daidai. Koci ya ce, "Ranka ya daɗe, ga sa hannuna a takardarka cewa na duba. Ban duba ba. Na yi sauri, na ɗauka na san filina. Laifin daga nan ya fara."

Da na yi shiru, da maganar ta tsaya a nan. Amma na kasa barin mutum ya ɗauki kayana ina tsaye. Na ce, "Yallaɓai, ni na zana. Ya ba ni awo a rubuce, ban iya karatu ba, kunya ta hana ni faɗi."

Sakatare ya dube ni, ya dubi Koci, ya ce, "Yau na ga ikon Allah. Kowa na gudun laifi, ku kuna rububinsa." Ya yanke cewa a sake awo, a sake tsere bayan la'asar.

Koci ya tuɓe rigarsa ta sama. Shi ke karanta tef, ni ke zuba farar ƙasa, jama'a na kallo. 'Yan garinmu suna ta jifarsa da magana. Wani ya ce, "Koci, Bakura sunka ɗauke ka aiki ne?" Koci ya ɗaga masa hannu ya ci gaba da awo, yana nuna mini da yatsa: "Wannan bakwai ce, Malam Isa. Dube ta da kyau, kamar lauje."

Aka sake tsere. Lawali ya ci, Nura ya zo na biyu. Koci ya ɗauko bokitinsa ya zuba wa Lawali ruwa, ya juya wurin Nura. Nura ya janye ƙafa ya ce, "Ka ƙwace mini Gusau da hannunka, Koci."

Koci yana durƙushe ya ce, "Ban ƙwace naka ba, Nura, na mai da na wani ne. Naka yana nan, za mu nemo shi. Litinin da safe ina fili." Bai tashi ba har Nura ya miƙo ƙafar.

Bayan mako guda aka ba Koci takardar gargaɗi, aka kuma cire shi daga masu raka tawaga Gusau. Ni ba a kore ni ba. Litinin ɗin da Nura ya dawo atisaye, ita ce ranar da na je na ba da sunana a ajin yaƙi da jahilci. Na sha wuya. Hannun da ya saba da tsintsiya bai son fensir, 'ya'yana suna yi mini dariya, amma ban taɓa fashi ba.

Takardar awon nan ban yar ba. Bayan wata bakwai na ciro ta, na zauna gindin darbejiyar bakin fili ina haɗa baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya. Ƙarƙashin lambobin ashe akwai rubutu: "Malam Isa, in wani abu bai fito ba ka tambaye ni. Na gode." Tun ranar farko maganin yana cikin aljihuna.

Ni Musulmi ne, shi Kirista, kowa na kan addininsa har gobe. Amma a wurinsa na ga yadda mai tsoron Allah ke riƙe aikin wasa: ya fi son ya faɗi da gaskiya a gaban garinsu da ya ci da mita ukun da ba nasa ba. Ku masu horarwa da masu gudu, ku riƙe wannan. Ku kuma masu zana fili, in an ba ku takarda ba ku gane ba, ku buɗe baki ku tambaya. Yau ni ke karanta tef da kaina, kuma layi na biyar sau biyu nake auna shi.