Jemage da Teburin Bakin Taga

Mutumin ƙofar ƙarshe a layinmu, wanda aka laƙaba wa Jemage, ba miskili ba ne, shi da rana ne kawai ba su saba ba. A ɗakin ƙarƙashin ƙasa yake aiki, wajen masu binciken ƙwayar zarra. Can yake gwada wasu ƙananan idanun lantarki na silikon masu gane haske, kowanne bai kai farce ba, waɗanda za a jera cikin wata ƙatuwar na'ura. Ya sa ido ɗaya a baƙin akwati, ya harba masa ɗigon haske, ya auna saurin da ya farga. Ɗakin ba taga, ga sanyi kamar firji, wai idanun ba sa son zafi.

Matarsa kan ce, "Maigida, kai da dankali ba ku da maraba, duk a ƙasa kuke girma."

Burinsa bai wuce wani tebur da ke bene ba, a bakin taga. Ogansa ya ce in ya gama gwada wannan kashin na idanun kafin a zo ɗauka, teburin nasa ne. In ba haka ba, akwai sabuwar ma'aikaciya tana jira.

To, wayar da ta haɗa akwatin da ma'aunin saurin gajera ce, kullum a sunkuye yake yini. Da ciwon baya ya ishe shi, sai ya sa doguwa, ya jawo akwatin gabansa. Ya ce gobe zai sake saita ma'aunin. Goben nan har yau tana hanya.

Ranar da ya kai sakamako har turare ya fesa. Oga ya duba ya ce, "Rabin idanun nan barci suke yi ne?" Ya sauko ɗakin da kansa, ya kama wayar.

"Malam, saƙo ma tafiya yake yi a cikin waya. Ka ƙara masa hanya, sannan ka ce ya makara? Yaushe ka canja ta, mu san waɗanda za a sake?"

Jemage ya sosa ƙeya. A ɗakin da ba a gane safe da yamma, wa ke riƙe ranaku?

"To a sake duka," in ji oga.

Sabuwar ta samu teburin, har ta ajiye tukunyar fulawa. Shi kuwa in ya dawo gida sai ya kife a tabarma, matar tana danna masa baya, yana cewa, "Da na gama wannan kashin dai..."

Sai ta ce, "Na ji. Juya ɗaya gefen."