Jirgin da Kawu Tatsugoro Ya Hana Tashi

Ranar Laraba, goma sha tara ga watan Satumba, da rana tsaka, guguwar teku ta kashe Kuroiwa Tatsugoro, maƙerin jiragen kamun kifi na garinmu Kurehama, yana da shekara sittin da takwas. A filin zauren taro ya faɗi, ƙirjinsa a rugurguje, gatari a hannunsa. Sai da aka ɓamɓare yatsunsa kafin a raba shi da ƙotar.

Kawu, ba zan yi maka ƙaryar da ake yi wa matattu ba, in ce kai mai sanyin hali ne. Rabin mazan bakin tekun nan sun sha marinka. Ranar da wani masunci ya fasa wa matarsa baki, kai ka jawo shi ta kwala har bakin ruwa, kana tsoma kansa kana cirewa har ya rantse ya tuba. Washegari kuma kai ka liƙe masa jirginsa da ya tsage, don kada yaransa su kwana da yunwa. Haka alherinka yake, kullum da ƙulli a gaba.

Ni ma na sha nawa rabon. Shekara uku da suka wuce hukumar gari ta ɗora mini aikin nemo kwaikwayon jirgin sama na yaƙi, a kafa a gaban zauren taro don tunawa da samarin da suka tashi daga filin jiragen bayan gari a ƙarshen yaƙin duniya, ba su dawo ba. Na zaga masana'antun da ke zuba irin waɗannan jirage da faiba, wato zaren gilas da ake shafe shi da danƙo ya daskare. Na dawo da samfurin fiffike ɗaya, na kawo maka ka duba, tunda da faiba kake ƙera jiragenka. Ka ajiye shi a ƙasa, ka bi shi da ƙafa har ya dare.

Ka ce, "Kai ɗan ofis, wannan fiffike ne ko katifa?"

Na ce, "Kawu, ai ajiye shi kawai za a yi. Ba tashi zai yi ba."

Marin da ka yi mini, kwana biyu kunnena na kuka. Matarka Fusae ce ta zaunar da ni, ta ba ni shayi, ta gaya mini dalili. Yayanka Seiroku yana da shekara goma sha tara ya tashi a irin wannan jirgi, kai kana ɗan yaro kana bin shinge da gudu kana kiran sunansa. Bayan wata guda aka kawo wa mahaifiyarku akwatin ƙasusuwansa. Ta buɗe, tsakuwa ɗaya ce a ciki.

Ka karɓi aikin da kanka. Ka auna gawar wani tsohon jirgi da taru ya taɓa jawowa daga teku, ka bi kowane lanƙwasa na fukafukansa, ba ka rage ba, ba ka ƙara ba. Zaren gilas ya cinye maka fatar hannu har tana tsattsafo da jini. Ranar da aka buɗe jirgin, tsofaffin mata suka yi ta kuka, kai kuwa ka zagi mai ɗaukar hoto ka koma gida.

Da aka yi shelar guguwa, mazan gari suka ɗaure jiragen ruwa, sannan aka zo kan jirgin samanka na gaban zauren taro. Duk ɗan masunci ya san goshin jirgi ake juya wa iska. Muka juya hancinsa ya fuskanci teku, muka ɗaure gaba da baya da igiyar jirgin ruwa, kai da kanka ka ƙulla. Babu wanda ya ga aibu. Tsofaffi da yara suka shiga zauren taro don fakewa, manyan tagogin gilas ɗinsa daidai bayan wutsiyar jirgin.

Wajen tsakar rana iska ta haukace. Rufin gidaje na yawo a sama, turakun lantarki na karyewa. Ta taga muka ga tayoyin jirgin sun bar ƙasa, suka dawo suka doki siminti, suka sake tashi. Igiya ɗaya ta tsinke da ƙara kamar bindiga. Kai ka fara ganewa.

Ka ce, "Mun yi masa ɗaurin jirgin ruwa. Wannan kuwa iskar yake nema."

Fusae ta riƙe maka hannun riga. "Maigida, zauna. Abin banza ne, faiba ce kawai."

"Faibar ce za ta shigo ta tagar nan ta yanka jikokinki."

Ka ciro gatarin kashe gobara daga bango. Na tare ƙofa, ka sa mini gwiwar hannu a baki, haƙorina ya faɗo. Ka fita da rarrafe. Na ɗaura igiya a ƙugu na bi ka, amma ban wuce rabin fili ba iska ta manne ni da ƙasa. Daga nan na ga komai. Ka kama ƙafar jirgin ka miƙe, ka fara saran gindin fiffiken hagu, daidai inda ka haɗa shi da hannunka. Tsagin faiba na tashi yana yanka maka fuska, jini da ruwa sun rufe maka ido, jirgin na ɗaga ka yana buga ka da ƙasa, ba ka saki ba. Iska ta kawo mini muryarka, ba da ni kake ba.

"Yaya, yau ba inda za ka. Zauna, na ce."

Fiffiken ya ɓalle. Jirgin ya kife gefe guda, ya mirgina cikin magudanar ruwa, nesa da tagogi. Fiffiken kuwa ya juyo ya daki ƙirjinka, ya maka ka da dandamalin siminti. Ko da na isa, ka riga ka tafi. A cikin zaure ko gilas ɗaya bai fashe ba.

Raina a ɓace yake, Kawu, kuma ban san wa zan kama ba. Kullum harshena ya taɓa gurbin haƙorin nan sai hawaye su zo mini.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Fusae, da 'yarku Chizuru, da jikokinka biyu da suka ga abin ta taga, da masuntan Kurehama. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Hukuma ta so a gyara jirgin, Fusae ta ce a mayar da shi wurinsa da fiffike ɗaya, haka kuma aka yi.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka zafin hannunka, ya sanyaya makwancinka, ya sada ka da wanda ka bi da gudu a bakin shinge. Akwatin yayanka mahaifiyarku da hannu ɗaya ta karɓe shi. Naka, mu shida muka ɗauka, kuma ya yi mana nauyi.